Baƙaƙen Madannai Biyar

A Kassala, bayan la'asar,
rana na shafa wa dutsen Taka jan lalle,
Uzairu ya juyo mini da allon kwamfutarsa
a shagon caji, tsakanin wayoyin mutane arba'in.
"Kawu, ga fiyano. Mataki uku ne, sai ka zaɓa."

Na fari kyauta ne, wai.
Madannai ashirin da biyar, murya ɗaya tak,
salam kamar shayin da aka yi wa rowar sukari.
Ka yi minti uku kana kiɗa,
sai wani ƙato ya faɗo cikin allon
yana tallar man gashi.
Kyautar da ke katse maka hanzari
ai bashi ce ta naɗa rawani.

Na biyu sun raɗa masa Azurfa.
Dala tara duk wata.
Uzairu ya buga lissafi da fam, ya goge, ya sake,
kafin ya gama kuɗin sun ƙara tsawo.
Madannai tamanin da takwas, an kori mai talla,
kana iya naɗe abin da ka kaɗa
ka aika wa wani.
Na ce, wa?
Mai gangarmu na wankin mota a Alƙahira.
Mai goge, damina biyu ke nan ba amo ba labari.

Na uku Zinariya, sarkin gida.
Sun ce fiyano ne na gaske a wata ƙasar sanyi,
an ɗauki muryar kowane madanni sau goma sha shida,
daga shafa har duka.
Akwai ƙarar feda, akwai nishin katako,
har ɗaki ma ana sayar maka:
ƙaramin zaure, babban zaure, kogon dutse,
kowanne da irin tasa amsa-kuwwar.
Na bi jerin da yatsa har ƙasa.
Ban ga rumfar biki a Omdurman ba,
janareta na tari a bayan katanga,
guɗa na tsaga dare gida biyu,
ango na nuna ni da sanda yana dariya.

Shekara ashirin da biyu ina da orga.
Akwai madanni guda a hannun dama
da gahawa ta zube masa a wani ɗaurin aure,
tun ranar, in ya sauka ba ya tashi
sai na ɗago shi da farce.
Kiɗana ya koyi ɗingishi saboda shi,
mutane suka ce salo ne.
Na naɗe ta a bargo, na tura ƙarƙashin gado,
na ce wa Sittana, mako biyu mu dawo.

Ita ce yanzu ta kutso ta ƙarƙashin hammatata,
shekara tara, hannu duk ɗankon mangwaro.
Ba ta karanta jadawalin farashi ba.
Ta laluba, ta kuskure, ta laluba,
ta faɗa kan baƙaƙen nan, biyu da uku,
su biyar ɗin da waƙoƙin ƙasar nan ke kwana a kansu,
sai ga abin da kakarta ke rerawa bakin murhu
yana fitowa da rarrafe.

Mai man gashi ya faɗo.
Ko gezau.
Ta riƙe waƙar a hanci har ya gama surutunsa,
ta sauke ta daidai inda ta tsaya.

"Kawu, wanne?"
Na ce bar mana wannan, sa mana cajin awa guda.
Na miƙa hannun dama na raka ta,
ina zuwa wurin nan
farcena ya sunkuya da kansa
zai ɗago madannin da bai maƙale ba.